Tsawon Rai Ba Ya Cikin Farantin Mai Talla

 Mun saba a wannan shafi mu yi zancen iri da taki da ajiyar wake. Yau za mu ajiye hauya, mu dubi hannun da ke riƙe da ita.

Duk wanda ya ci kasuwar Matamaye ko ta Kance, ko ya tsallaka iyaka zuwa Mai'aduwa, ya san mai farantin magani. Wani a ka yake ɗauke da shi, wani a bayan keke, wani kuma har ya sayi babur da lasifika. Ƙwayoyinsa launi-launi, sun sha rana sun sha ƙura. Ka ce masa bayanka ke ciwo, ya ɓallo maka uku. Ka ce gajiya, ya ƙara maka biyu. In dattijo ne ya tsaya, sai ya ɗauko wata kwalba ya ce wannan tana wanke jini, tana mayar da tsoho yaro, tana ƙara kwana. Ba ya tambayar shekarunka, ba ya tambayar ko kana da hawan jini, ko matar da za a kai wa tana da juna biyu. Sau da yawa shi kansa ba ya iya karanta abin da ke rubuce a jikin kwalin. Mu kuwa muna miƙa kuɗi muna godiya.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da ya faru a gabanmu wata damina, muna zagayen duba azuzuwa. Mun iske ana noman firi a wata babbar gona, ƴan ƙwadago sun kai goma. Rana ta take, sauran sun nemi inuwar tsamiya, amma wani saurayi da bai wuce shekara 20 ba ya ƙi tsayawa, ko ruwa bai nema ba. Ana cikin yaba masa, sai ya yanke jiki ya faɗi, yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, ya ciji harshe har jini. Nan take aka ce iskokin tsamiyar ne. Da aka cire masa riga, sai ga katin ƙwaya ya faɗo daga aljihu. Kawunsa, wanda ɗalibinmu ne, ya ɗauka ya karanta lambar da ke jiki da ƙarfi, kowa na ji: 225. Ya iya karanta lambar, amma bai san abin da take nufi ba, mu kuma ba mu taɓa koya masa ba. Wannan ya tsaya mana a rai. Yaron ya farfaɗo a likita, Allah Ya yi da sauran kwana. Daga baya muka ji cewa ban da wadda ya haɗiya da hannunsa, har a butar shayin da mai gona ya aiko da safe an jefa.

Ƙwayar ita ce tramol, wadda likitoci ke kira tramadol. Asalinta magani ne na ƙwarai. A ƙasar Jamus aka haɗa ta a 1962, aka fara sayar da ita a 1977, domin wanda aka yi wa aiki, ko wanda ya karye, ko mai ciwon daji da zafi ya hana barci. Danginta ɗaya da mofin da heroyin. Likita kan ba babban mutum miligiram 50, in ciwo ya tsananta 100, kuma ba ya yarda a wuce 400 a yini guda. Ta faranti kuwa ƙwaya ɗaya 120 ce, ko 200, ko 225, har 250. Ku yi lissafin da kanku, tun da mun koyi tarawa: biyu masu 225 sun ba da 450. Ke nan wanda ya kora biyu da shayin safe ya wuce iyakar yini tun bai isa gona ba.

Ana cewa tana ba da ƙarfi. Ƙarfi daga tuwo da fura yake fitowa, da barci. Aikin tramol shi ne ta toshe bakin ɗan saƙo. Gajiya da ciwon baya saƙo ne jiki ke aikowa cewa a dakata, shi ya sa Hausawa suka ce jiki magayi. In an kashe saƙon, ɓarnar tana nan tana ci, mutum ne dai ba ya ji. Bayan ƴan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da ba a samu ba sai zufa, da ciwon gaɓoɓi, da zawo, da rashin barci, da faɗa da kowa a gida. Daga nan saurayi ya daina sha don ya yi aiki, ya koma yin aiki don ya samu na sha. Idan ta yi yawa tana kawo farfaɗiya irin wadda muka gani. Idan aka haɗa ta da giya ko ƙwayar barci, tana iya tsayar da numfashi.

Kada masu shanun huɗa su ce ba da su ake ba. Ga wani labari daga maƙwabta. A 2013 wasu masu bincike na Faransa suka ba da sanarwar cewa sun samu tramadol a cikin saiwar tafashiya da aka tono a Kamaru. Masana suka yi ta mamaki: ashe itacen daji na yin abin da aka ɗauka sai masana'anta? A 2014 wasu masana daga Dotmund ta Jamus, tare da abokan aikinsu ƴan Kamaru, suka sake dubawa. Suka tarar tafashiyar kudancin ƙasar ba ta da komai. A can ƙuryar arewa kuwa ba tafashiya kaɗai ba, har wasu itatuwa, da ƙasa, da ruwa, duk akwai. Da aka tambayi manoma sai gaskiya ta fito: mutane na sha, suna kuma ɗura wa shanun aiki don kada su gaji. Shanun su kwanta a gindin itace su yi fitsari da kashi, saiwa ta tsotse. Ƙwaya ta yi yawa har ƙasa ta ƙoshi. Mu ma a nan ba mu rasa masu jiƙa wa sa da jaki. Wanda ya yi haka ya ci ribar damina ɗaya, ya kassara dabbar da za ta yi masa biyar.

Mafi yawan ƙwayar daga masana'antun Indiya take fitowa, ta jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano da Lome, sannan ta hau mota ta yi arewa. A watan Satumba na 2017 jami'an tsaron ƙasarmu sun kama ƙwaya fiye da miliyan 3, an zuba su cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya don a ɓad da sawu. A 2018 Indiya ta tsananta doka kan tramadol, Najeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayu na wannan shekarar. Sai fatake suka sake riga. Suka shigo da wata mai suna tapentadol, wadda ta fi tramol ƙarfi, an gauraya ta da maganin sassauta tsoka, wasu har an buga musu 225 ɗin nan da samari suka saba gani. A watan Fabrairu na 2025 BBC ta fallasa wani kamfanin birnin Mumbai da ke yin ta, hukumar Indiya ta hana haɗin. Saboda haka wanda ya sayi kati mai lamba 225 bai ma san ko mece ce ya haɗiya ba.

Sai dai kafin mu zagi Indiya, mu dubi gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gonar da ke son aikin kwana biyu a yini ɗaya, har ya jefa ƙwaya a shayi ko a kunu, shi ne dillali na farko. Wanda ya je ɗaukar ƴan ƙwadago ya zaɓi mai jan ido ya bar mai natsuwa, don wancan ba ya neman hutu, shi ma yana ciki. Yaro ya tafi ci-rani Kano ko haƙar zinariya a Jado ya dawo da ɗabi'ar, mu gani mu yi shiru don yana kawo cefane. A ganinmu, wanda ya zuba wa ɗan wani ƙwaya a abin sha ba da saninsa ba, ya kamata mai gari ya ɗauke shi kamar wanda ya zuba guba a rijiya, a miƙa shi ga jandarma, ko da mai rumbu goma ne.

Yanzu mu koma ga kwalbar da aka ce tana ƙara kwana. Mun sani rai da ajali a hannun Allah suke, babu mai ja. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani da tsare jiki daga cuta suna cikin abin da aka hore mu da shi. To, me masu bincike suka gano game da tsawon rai, su da suke da kuɗi da na'urori?

Wadda aka tabbatar da takardu cewa ta fi kowa daɗewa a duniya wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, da ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Har yau ba wanda ya kamo ta. A ƙasar Danmak an bi tarihin dubban tagwaye, binciken da ya fito a 1996 ya kiyasta cewa gado bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai tsakanin mutane ba. Sauran yana ga yadda aka rayu da inda aka rayu. A Ingila an bi likitoci maza wajen 34,000 tun daga 1951 har tsawon shekara 50, aka tarar mai shan taba na rasa kimanin shekara 10, wanda kuma ya bari tun da ƙuruciya yakan maido kusan dukkansu. A Amurka, tun 1935 aka gwada rage wa ɓeraye abinci, suka ƙara daɗewa. Kada dai wani ya ce ashe yunwa magani ce. Ɓerayen nan an auna musu duk abin gina jiki, ƙoshi kawai aka hana su. Da yunwa na ƙara kwana, da mu da muka ga 1984 da 2005 mun binne duniya. A 2009 wani magani mai suna rapamycin ya ƙara wa ɓeraye kwana, amma yana raunana garkuwar jiki, kuma ba a tabbatar yana yi wa ɗan Adam abin da ya yi wa ɓera ba. Har yau babu ƙwaya ko kwalba da wata hukumar magunguna ta amince cewa tana jinkirta tsufa. Abin da manyan asibitocin Turai ba su da shi, ta ina ya biyo ya iso bayan keke a kasuwar Kance?

Ko labarin garuruwan da aka ce tsofaffinsu na haura 100 da yawa, a saurare shi da hattara. A 2010 a birnin Tokiyo aka je gaida wani da takarda ta ce shekararsa 111, aka tarar ya kai shekara 30 da mutuwa a kan gadonsa, iyali na karɓar kuɗin fansho. Da gwamnatin Japan ta bi rajista, sai ta rasa inda mutum fiye da 230,000 suke, waɗanda a rubuce sun haura 100. Mu da yawancin dattawanmu ba su da takardar haihuwa, da shekarar fari ko ta sarautar wane ake ƙirga musu, mun fi kowa sanin yadda shekaru ke ƙaruwa a baki.

Amma akwai ƙarin kwana na gaskiya, kuma a ƙasarmu aka gan shi. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, in aka yi matsakaicin lissafi, jaririn da aka haifa a Nijar wajen shekara 35 ake sa ran zai yi. Yau lissafin ya haura 60. Ba wai mutanen da ba sa kai 70 ba, suna kaiwa. Yara ne ke mutuwa da yawa, su ja lissafin ƙasa. Binciken ƙasa na 1992 ya nuna cikin yara 1,000, guda 318 ba sa kai shekara 5, wato kusan ɗaya cikin uku. Iyayenmu mata ba sa bukatar takarda ta gaya musu haka, kowace ta san nawa ta haifa, nawa suka rage. Binciken 2012 ya nuna lambar ta sauka zuwa 127. Abin da ya sauko da ita mun gan shi da idonmu: allurar ƙyanda da sauran rigakafi, gidan sauro mai magani, ɗigon bitamin A, ruwan gishiri da sukari ga mai zawo, ƙananan ɗakunan likita da aka gina a ƙauyuka tun farkon shekarun 2000, kula da masu tamowa, da kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 wadda aka kafa a 2006. Daga 2013 kuma aka fara ba yara maganin rigakafin masassara wata-wata a lokacin damina.

A jihar Doso, a Boboye da Loga, an yi wani babban gwaji wanda sakamakonsa ya fito a 2018. An riƙa ba ƙananan yara maganin azitromisin sau biyu a shekara, mutuwarsu ta ragu da kashi 18 cikin 100. Ku lura, ma'aikata ne suka auna wa kowane yaro gwargwadon jikinsa, maganin kuma na ainihi ne. Wannan ba hujja ba ce ga mai sayen kafso ja da rawaya guda biyu ya buɗe ya zuba wa yaro a koko. Shi koya wa ƙwayoyin cuta jure magani kawai yake yi, kamar yadda ƙwaro ke sabawa da feshin da aka cika wa ruwa. Inda kuma aka yi sakaci da rigakafi, cuta na dawowa. Mun ga mashaƙo a nan gundumar Matamaye a 2023.

Saura maganar jabu, wadda ta fi ta tramol ɓoyuwa, domin mai shan tramol ya san ya sha wani abu, mai shan jabu kuwa yana zaton ya sha magani. Wani jabun alli ne ko gari, an matse shi an yi masa kwali mai kyau. Wani akwai magani a ciki amma rabi, ya sa zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo da ƙarfinsa. Wani na ainihi ne, amma wa'adinsa ya wuce, ko rana ta dafa shi a faranti. Wani kuwa guba ce tsantsa.

Manyanmu na tuna annobar sanƙarau ta 1995. A cikinta aka kawo wa ƙasarmu gudummawar allurar rigakafi daga Najeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura ba ta narkewa yadda ya kamata. Da aka bincika, sai aka tarar babu magani a ciki. Kafin nan an riga an yi wa mutum fiye da 50,000, kowa ya koma gida yana ganin ya tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan. A 2015, da kuma 2019, an sake gano jabun allurar sanƙarau a Yamai. A Najeriya, ruwan maganin zazzaɓi da aka haɗa da wani sinadari mai kashe ƙoda ya hallaka yara 109 a 1990. Sinadarin nan dai ya sake hallaka yara 84 tsakanin 2008 da 2009, ta cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, ya kuma hallaka yara wajen 70 a Gambiya a 2022 ta cikin maganin tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin goma ko jabu ne ko marar inganci. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ce a 2023, a ƙasashen Sahel abin ya kama daga kashi 19 har 50 cikin 100, kuma jabun maganin masassara kaɗai na da hannu a mutuwar mutum har 267,000 kowace shekara a Afirka kudu da Sahara.

Ina doka? Akwai ta. Tun 1997 ƙasarmu ta kafa dokar harhaɗa magani da sayar da shi, wadda ta keɓe wannan sana'a ga farmasi da ɗakunan ajiya masu izini. A 1999 aka kafa ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Muna da ofishin ONPPC mai sayo wa ƙasa magani, da ɗakin gwaji na LANSPEX a Yamai mai auna ingancinsa. Raunin da aka daɗe ana kuka da shi a ƙasashen Afirka shi ne, mai fataucin hodar iblis na fuskantar ɗauri mai tsawo, mai fataucin jabun magani kuwa sau da yawa ana hukunta shi kamar wanda ya kwaikwayi tambarin atamfa. Don gyara wannan ne Nijar ta shiga cikin ƙasashen da suka sa hannu a Lome a watan Janairu na 2020, suka yi alkawarin mayar da fataucin jabu babban laifi. Sa hannu abu ne mai kyau. Amma abin da muke gani a kasuwanninmu shi ne a kama yaro mai faranti, a ƙwace kayansa, mako ya zagayo ya dawo da sabon faranti, wanda ya ba shi sari kuwa ko sunansa ba a ambata ba.

Inda doka ta yi aiki, sama ta hau. A Benin, a watan Maris na 2018, kotu a Kwatano ta yanke wa shugabannin manyan kamfanonin sarin magani ɗaurin shekara 4 a matakin farko. A Najeriya, Dora Akunyili, wadda ƴar'uwarta ta rasu a 1988 saboda jabun insulin, ta karɓi hukumar NAFDAC a 2001 ta tunkari manyan dillalai. A watan Disamba na 2003 aka harbi motarta, harsashi ya huda ɗankwalinta. Wannan ya isa ya nuna mana irin kuɗin da ke bayan farantin nan. A 2013 kotu ta ɗaure ma'aikata biyu na kamfanin My Pikin shekara 7 kowannensu.

Amurka ma ba ta tsira ba, kuma nata darasin ya fi dacewa da mu. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da ƙwayar kashe zafi mai suna OxyContin a 1996, yana gaya wa likitoci cewa ba ta cika kama mutum ba. A 2007 ya amsa laifin yaudara a gaban kotu, aka ci shi tarar dalar Amurka wajen miliyan 600, a 2020 ya sake amsa wasu laifuffukan. Amma wuta ta riga ta kama. Tsakanin 2014 da 2017 matsakaicin tsawon rai a Amurka ya ja da baya, a 2021 kuma mutum fiye da 100,000 suka mutu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima. Ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi wajen binciken tsawon rai, ƙwayar kashe zafi ta rage mata kwana. Suna da wata tsohuwar doka tun 1863, zamanin Lincoln, lokacin da ƴan kwangila ke sayar wa soja alfadarai marasa lafiya da ruɓaɓɓen abinci. Dokar ta ce wanda ya tona asirin mai cutar baitulmali, za a ba shi rabo cikin abin da aka ƙwato. A yau rabon kan kama daga kashi 15 zuwa 30 cikin 100, kuma mafi yawan shari'un kan kuɗin asibiti da magani ne. Ba mu ce a kwafo dokar Amurka ba. Abin da muke so a duba shi ne, a wurinmu ƙaramin ma'aikacin da ya ga ana fitar da kwalayen maganin kyauta da dare, ko ana rubuta sunayen yaran da ba a duba ba don a karɓi kuɗinsu, in ya buɗe baki shi ake mayarwa ƙauye mafi nisa. Muddin mai tona asiri ne ke shan wuya, ba za a samu mai tonawa ba.

Sai mu faɗi wata gaskiyar kuma, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Talaka ba wawa ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada, a daidai lokacin da aka fara cewa marar lafiya ya biya a likita. A shekarun nan faranti ya yawaita. Mai faranti na zuwa har ƙofar gida, yana sayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya, yana ba da bashi har kaka, ba ya yi wa kowa tsawa. Kyautar maganin yara ta 2006 ta ceci rayuka da yawa, amma masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun nuna yadda gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, har kantocin magani suka riƙa bushewa. Uwa ta goyo yaro mai zafin jiki ta yi tafiyar sa'a biyu cikin rairayi, a ce mata babu magani, a miƙa mata takarda ta je Matamaye ta saya. Gobe wa za ta nufa? Saboda haka muke cewa duk hukumar da ta aiko a kwashe farantai ba ta cika kantar likita ba, ta yi rabin aiki ne, kuma rabin da ya fi sauƙi.

Namu rabon kuwa yana cikin aji. Kwamitin lafiya na kowane ƙauye ya kamata a samu mai karatu a cikinsa, wanda zai zauna ranar da aka kawo magani ya ƙirga kwalaye ya rubuta, ya kuma duba littafin a ƙarshen wata. Wanda ya biya kuɗi a likita ya nemi rasit, ba rashin kunya ba ne. Wanda ya ga maganin da aka rubuta wa kyauta ko gidan sauron rabo a kan faranti, ya san daga bakin wani yaro aka fizge shi. Wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa jini ko da yana jin garau, domin hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, kuma ƙwayoyin ciwon jiki na faranti suna ƙara shi, suna cin ciki da ƙoda. Ƴan matanmu masu shan sha-ka-fashe don su yi jiki kafin biki su sani, wasu ƙwayoyin kumburi suke sawa, suna kuma jawo ciwon suga da hawan jini. Wanda tramol ta riga ta kama kuwa, ɗan'uwanmu ne marar lafiya. Kada a ɗaure shi a turu, kada a yi masa dukan gayya, kada kuma a ce ya bari dare ɗaya in ya daɗe yana sha da yawa. A kai shi wurin ma'aikacin lafiya a riƙa rage masa sannu a hankali, a rage masa aiki har jikinsa ya dawo.

Mun umarci malaman azuzuwan da ke ƙarƙashinmu su ware darasi guda a kowane wata don karanta kwalin magani. Kowane ɗalibi, namiji ko mace, ya zo da abin da ke cikin ɗakinsa. Za a koyi neman haruffan EXP ko PER, waɗanda ke nuna ƙarewar wa'adi, da sanin cewa lambar farko wata ce, ta biyu shekara. Za a koyi haruffan mg da lambar da ke gabansu, da yadda ake bambanta maganin yara da na manya. Kawun yaron nan shi ya fara kawo nasa, leda guda cike. Biyu daga ciki wa'adinsu ya ƙare tun bara waccan, ɗaya kuwa muka juya shi gaba da baya a gaban allo, babu kwanan wata, babu sunan ƙasar da aka yi shi.